Manaja na Gari a Ƙasar Bauchi da Gombe

Manaja shi ne wanda aka ɗora wa alhakin tafiyar da aikin wasu mutane a kamfani, banki, masana'anta, gidan mai ko ofis. Shi ke raba aiki, ya sa ido, kuma shi ake tuhuma in abu ya lalace. Kalmar aro ce daga Ingilishi, kuma ba ita kaɗai ake ji a Bauchi da Gombe ba. A kasuwa an fi cewa maigida ko ubangida, a ma'aikatun gwamnati a ce shugaba ko darakta, leburori kuwa su ce oga ko helma. Abin da ya haɗa su duka shi ne tsayuwa tsakanin mai dukiya da masu aiki, da riƙon amanar ɓangarorin biyu. Wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya ba a kiransa na gari, ko da riba na shigowa.

Kafin zuwan Turawa

Sunan ne sabo, amma aikin ya daɗe. Misali mafi kusa shi ne madugu, wanda ake wa kirari da uban tafiya. Ayarin fatake da ke ratsa ƙasar Bauchi zuwa Adamawa da bakin Binuwai kan yi makonni a hanya. Madugu ne ke zaɓen zango, ya daidaita da sarakunan garuruwa kan kuɗin wucewa, ya raba rigima tsakanin fatake, ya tura jagaba gaba don duba hanya. Abin lura shi ne ba wanda ake tilasta wa bin sa. Fatake ne ke zaɓen wanda za su bi da dukiyarsu da rayukansu, kuma madugun da ya jefa ayari cikin asara saboda ganganci ko son kai, da wuya ya sake tara jama'a a wata shekarar.

A fada ma akwai tsarin raba aiki. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ya kafa birnin Bauchi wajen 1809, Buba Yero kuma ya kafa masarautar Gombe tun farkon jihadi, wajen 1804. Sarautu irin su Galadima, Madaki da Ajiya kowace da abin da aka damƙa mata, Ajiya shi ne mai tsaron dukiya. Malaman Sakkwato sun yi rubutu mai yawa kan yadda ake riƙon jama'a, har Muhammadu Bello ya aika wa Yakubu takardun nasiha da amsoshin tambayoyinsa. Shehu da kansa ya siffanta amintaccen waziri da cewa shi ne mai tada shugaba in ya yi barci, mai tuna masa in ya manta. Wannan siffa ta cancanci kowane manaja ya riƙe ta, domin tana nuna cewa shugaba na bukatar wanda zai iya ce masa ya yi kuskure.

A sana'o'i akwai sarkin pawa, sarkin maƙera da sarkin kasuwa. A ƙarƙashinsu kuma akwai alaƙar ubangida da yaro, wadda har yau ita ke riƙe da kasuwanni irin su Muda Lawal da Wunti a Bauchi, da Tudun Hatsi a Gombe. Yaro ya yi shekaru yana tsaron shago, ubangida ya ci da shi, ya tufatar da shi, sau da yawa ya yi masa aure, a ƙarshe ya sallame shi da jari. A idon 'yan kasuwa, ana auna ubangida da yawan yaran da ya yaye suka tsaya da ƙafarsu. Wanda yaransa suka tsufa a bakin shagonsa hannu rabbana, ana ganinsa da wannan tabo komai arzikinsa.

Zamanin En'e da kamfanoni

Turawa sun ci Bauchi a 1902. Da aka kafa baitulmali a masarautu, wajen 1911, sai albashi da akawu da fayil suka shigo, aka fara auna ma'aikaci da takarda. Kamfanonin sayen gyaɗa da auduga, daga baya kuma bankuna, su ne ake kyautata zaton sun yaɗa kalmar manaja. A filayen haƙar kuza na Jos, inda aka riƙa kwasar mutane daga lardin Bauchi, musamman a aikin tilas na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, helma ne ke tsaye a kan leburori. Irin shugabancin tsawa da yanke lada da aka gani a can ya daɗe a zukatan mutane.

A Bauchi ne aka yi wasu daga cikin muhawarorin farko kan yadda ake tafiyar da ma'aikatun En'e, wato hukumomin mulkin gargajiya da ke ƙarƙashin sarakuna a zamanin Turawa. A wajen 1943 zuwa 1944 an yi wani zauren tattaunawa a garin wanda Sa'adu Zungur, Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka kasance cikinsa. A 1950 Tafawa Ɓalewa, wanda ya taɓa zama hedimastan makarantar Midil ta Bauchi, ya gabatar da ƙudiri a majalisar dokokin Arewa da ke Kaduna yana neman a yi wa tsarin En'e garambawul.

Jirgin ƙasa ya iso Bauchi da Gombe a farkon shekarun 1960. An ƙirƙiri Jihar Bauchi a 1976, kamfanin siminti na Ashaka ya fara aiki a 1979, a kusan lokacin da aka buɗe masana'antar haɗa motoci ta Steyr a Bauchi. Jihar Gombe ta samu a 1996.

Ra'ayoyin masana

Frederick Taylor na Amurka ya fito a 1911 da tsarin auna lokaci da motsin ma'aikaci. Henri Fayol na Faransa, a 1916, ya kasa aikin manaja gida biyar: tsarawa, shiryawa, umarni, daidaitawa da bibiya. A 1954 Peter Drucker ya kawo shawarar a yarda da ma'aikaci kan burin da za a cimma, sannan a auna shi da sakamako, kuma hukumar Udoji, wadda aka kafa don gyara aikin gwamnati, ta ba da shawarar amfani da wannan a aikin gwamnatin Najeriya a 1974.

Sifofi

Malamai kan kafa hujja da aya ta 26 a Suratul Ƙasas, inda aka ce mafi alherin wanda za a ɗauka aiki shi ne mai ƙarfi, amintacce. Ƙarfi a nan ya haɗa da sanin aiki. Manajan gidan mai da bai iya karanta mita ba, yaransa za su gane cikin mako guda. Amana kuwa tana farawa ne daga biyan haƙƙi a kan lokaci, kamar yadda hadisi ya yi umarni a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe.

Sai kare mutunci. Ma'aikaci kan jure yankan albashi fiye da a ci masa fuska a gaban na ƙasa da shi ko a gaban masu sayayya. Manaja na gari yakan kira mutum gefe ya yi masa gyara, yabo kuma ya yi shi a bainar jama'a. Lamarin ya fi tsauri idan manajan matashi ne mai digiri, masinjansa ko direbansa kuma sa'an mahaifinsa ne. Yana iya ce masa Baba, ya gaishe shi da ladabi, kuma ya sa shi aiki ba tare da ɗayan ya rushe ɗayan ba.

Kunya tana da nata tarko. Ƙaramin ma'aikaci zai ce "to, ranka ya daɗe" alhali ya san umarnin ba zai yiwu ba. Manajan da ya ɗauki kowace "to" a matsayin yarda zai wayi gari aiki ya tsaya bai san dalili ba. Shi ya sa masu hikima kan tambayi mutum shi kaɗai, su kuma bar shi ya gama magana. An ce babba juji ne, don haka ƙorafi da laifin da ya faru a ƙarƙashinsa shi zai ɗauka, ba ya tura wa yaro don ya wanke kansa a wurin mai kamfani.

Adalci yana da nauyi na musamman a jihohin nan biyu, inda ofis ɗaya kan haɗa Bafulatani, Batangale, Basayi, Bajari da Bahaushe, Musulmi da Kirista. Rabon hutu, ƙarin girma da zuwa kwas duk ana kallonsu da wannan ido. Haka nan lura da Juma'a da Lahadi, azumi, da zuwa ta'aziyya ko suna a gidan ma'aikaci, ana lissafa su cikin aikin shugaba.

Doka

Dokar ƙwadago ta 1974 ta wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, da hutun aƙalla kwana 6 na aiki bayan wata 12. Wanda ya kai shekara biyar sai an ba shi sanarwar wata guda kafin sallama. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000.

Saɓani

Ana jayayya kan ɗaukar 'yan'uwa aiki: wasu na ganin zumunci ne, wasu son kai. Haka kuma kan ko shugabanci baiwa ce ko abin koyo.

Horo

Ana koyar da ilimin gudanarwa a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, da Jami'ar Jihar Gombe wadda aka kafa a 2004.