Iri ɗaya, jini ɗaya, ciki ɗaya: don Allah a daina cakuɗa su

Tun da na fara koyarwa a nan Gombe ake min tambayoyin nan, ɗalibai a aji, iyaye a waya, har masu shirin aure. Ga su na tara waje ɗaya, a karanta kafin a sake turo min.

Malam, daidai da iri ɗaya ba duk ɗaya ba ne?

A'a. Daidai na awo ne. Mudun gero da mudun masara daidai suke, amma ai ba iri ɗaya ba ne.

Bai ɗaya fa?

Abin da mutane suka tsara ya hau kan kowa, kamar farashi bai ɗaya ko yunifom na makaranta. Ba ruwansa da haihuwa. Ƙawayen amarya ashirin in sun yi anko ba su zama 'yan gida ɗaya ba.

Yaro bai yi kama da ubansa ba, ba sai a yi zargi ba?

Ku ji tsoron Allah. Wannan ce ta fi ɓata min rai don na ga gidan da maganar tsakar gida irin wannan ta raba. Yaro na iya tsallake uwa da uba ya ɗauko kakan da ko ganinsa ba a yi ba. Yana cikin Bukhari da Muslim, wani mutum ya zo wa Annabi (SAW) cewa matarsa ta haifi baƙin yaro, Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye, amma akwai mai ruwan toka a ciki, wataƙila daga kakanni ya gado. Annabi ya ce to shi ma ɗan naka haka. Kuma sau nawa kuka ga mutum biyu kamar an tsaga kara alhali ko gari ba su haɗa ba? Kama da wane ba ta wane.

Shaƙiƙi shi ne ciki ɗaya?

Shaƙiƙi uwa ɗaya uba ɗaya. Li'abi uba kawai kuka haɗa, li'ummi uwa kawai. Ciki ɗaya uwa ta tabbatar, uban sai ka tambaya. In maganar gado ce a faɗi wanne ne ƙarara, don rabonsu ba ɗaya ba ne.

Zan auri 'yar bappana. Yayanta shaƙiƙinta AA ne, ni AS. Tunda jininsu ɗaya, sai ta yi gwaji?

Ta yi. Ɗan'uwa kwantar da hankalinka ka bi ni a hankali. Jini ɗaya da muke faɗa a baki nasaba muke nufi, tsatso ɗaya, amma na asibiti daban ne, can ma kashi biyu ne da mutane ke rikitawa, akwai rukunin jini wato A, B, AB da O wanda ake dubawa wajen ƙarin jini, akwai kuma jinotayip, su AA, AS, SS da AC, shi ne na sikila. Kowane yaro rabi yake ɗaukowa wajen uwa rabi wajen uba, kuma kowane ciki rabonsa daban, shi ya sa in bappanka AS ne matarsa AA, yaya zai iya fitowa AA ƙanwa ta fito AS. In da duka iyayenta AA ne tabbatacce to ita ma AA ya kamata ta fito, sai dai ni ban cika sakin jiki da "an ce" ba, dattawanmu da yawa ba su taɓa gwaji ba, kuma ana samun kuskure a wasu wuraren gwajin, don haka in da hali a maimaita a wani wajen daban. Ga wani abin dubawa, kai AS ne, in ta wajen babanka ka gado to akwai yiwuwar bappanka ma yana ɗauke da shi tunda iyayensu ɗaya, in ta wajen mahaifiyarka ne kuma wannan zancen bai taso ba, amma gwajin dai yana nan. In ta fito AS kamar kai, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin 4 ya zo SS, wato mai ciwon sikila, ba wai yaro ɗaya cikin huɗu kawai ba, ana iya jerawa. Ban ce auren zumunci laifi ba ne, halal ne, ni ma ba zan yanke muku ba. Ku je da takardar wajen likita, kuma a yi tun kafin a kai goro, kafin su goggo su fara kiranta amarya.

Tagwaye komai nasu iri ɗaya ne?

Waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya ne ke kama sak, su ma zanen yatsunsu daban. Na ƙwai biyu kamar sauran yaya da ƙani suke. Hassan da Hassana na biyun ne.

Wanda muka sha nono ɗaya jininmu ɗaya?

A'a. Amma aure ya haramta tsakaninku, duba Suratun Nisa'i aya ta 23.