Me ake nufi da kundin waƙoƙin fim?

A Damagaram, in mutum ya je wajen masu tura waƙa a Kasuwar Dole ya ce a sa masa waƙoƙin wani fim a memori, abin da yake nema shi ake kira kundin waƙoƙin fim, wasu su ce albam. Tarin waƙoƙi da kaɗe-kaɗe ne da aka tsara saboda labari guda, aka fitar da su daban don a saurara ko ba a kallon hoton.

Cikakken kundi kashi uku ne. Akwai waƙar taken fim, wadda ake ji a buɗewa da rufewa. A fim mai dogon zango ita ce ake maimaitawa kowane mako har yara su haddace. Akwai waƙoƙin cikin labari, irin waɗanda ake kira nanaye, galibi murya biyu, namiji da mace, baiti da amshi. Sai kiɗan ƙarƙashi, mara murya, wanda ke bin magana ya nuna tsoro ko baƙin ciki. Wannan na ukun shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, a ɗebo na wani fim a manna, alhali shi ke riƙe da zuciyar mai kallo.

Salon waƙoƙin cikin labari daga finafinan Indiya ya zo, inda wani ke rerawa wani ke motsa baki, kamar yadda mawaƙiyar Indiya Lata Mangeshkar ta yi wa jarumai mata shekaru da dama. Masana'antar Kano ta ɗauka bayan 1990, da fiyanon Yamaha a madadin taron makaɗa, kuma ƴan Nijar sun shiga ciki sosai: Fati Nijar, ƴar Maraɗi, tana cikin muryoyin da aka fi sani.

Waƙar ake fara yi kafin a kunna kyamara. Darakta ya zauna da mawaƙi ya ba shi labarin, ya faɗa masa wa ke magana da wa, kuma a wane hali. Mawaƙi ya rubuta amshi da baiti uku ko huɗu. Makaɗi ya ɗora kiɗa, a ɗauki kowace murya a layinta, a gauraya, sannan a kai wurin ɗaukar hoto a kunna a lasifika jarumai su bi da baki. In aka tsallake zaman farko, sai ka ji waƙar murna a wurin da amarya ke kuka.

Baki da murya kan saɓa, kuma dalilin sananne ne. Bayan an gama ɗaukar hoto sai a koma sutudiyo a gyara waƙar, a ƙara mata sauri ko a yanke baiti, hoton kuwa ya riga ya bi tsohuwar. Wani lokaci lissafin sauti ne: bidiyo na aiki da kilohaz 48 (ma'aunin saurin ɗaukar sauti), faifan CD da 44.1, kuma in manhaja ta karanta na biyun a matsayin na farko ba tare da ta juya shi ba, waƙar minti 5 za ta ragu da kusan daƙiƙa 24, muryar ta sirance. A fitar da komai a 48 tun farko, a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a kai wa mai haɗa hoto a kebul ko memori. MP3 kuwa matsattsen fayil ne, ya riga ya zubar da wani ɓangare na daɗinsa.

A zafin Afrilu kuma fanka da janareto kan shiga makirfo. A kashe fanka lokacin ɗaukar murya, a nisanta janareto, a rataya barguna a bango.

A ajiye kowace waƙa iri biyu, mai murya da mara murya, domin mara muryar ce za a shimfiɗa a ƙarƙashin hira, a sauke ta ƙasa sosai kada ta danne magana. Kafin kundi ya fita, a rubuta a takarda wa ya mallaki waƙar, mai fim ko mawaƙi, a yi mata rajista a hukumar haƙƙin mallaka ta Nijar, BNDA. In ba haka ba, mawaƙi na iya riga mai fim sa ta a YouTube, fim ɗin ya zo daga baya a toshe shi saboda waƙar da aka yi dominsa.