Tambayoyi Kan Maganaɗisun Muwon Da Yadda Yake Tace Sababbin Ra'ayoyin Fiziks

Me ake aunawa?

Muwon ƙwaya ce dangin elektiron, sai dai ta ninka shi nauyi sau 207. Idan ta shiga filin maganaɗisu takan riƙa layi kamar katantanwa, kuma saurin layin ya dogara da wata lamba da ake kira g. Lissafin masanin fiziks Paul Dirak na 1928 ya ba da 2 cif, amma ƙwayoyin da ke ɓullowa suna ɓacewa a kewayen muwon suna ƙara ɗan abu a kai. Rabin wannan rarar ake nema, kusan 0.00116592.

Me ya sa ba a tsaya kan elektiron ba?

Tasirin ƙwaya mai nauyi yana ƙaruwa da nauyin abin gwajin sau kansa. 207 sau 207 ya kusan 43,000, wato muwon ta fi elektiron jin wannan tasiri kusan sau 43,000.

Yaya ake awon?

A cibiyar binciken Fermilab ta Amurka, an riƙa zuba muwon cikin zobe mai faɗin mita 14 da ƙarfin tesla 1.45, na'urori 24 na ƙirga fositiron (kishiyar elektiron) da muwon ɗin ke fitarwa idan sun ruguje. An tsayar da ƙarfin gudunsu a GeV 3.09 da gangan (GeV ma'auni ne na ƙarfi da nauyin ƙwayoyi), domin a nan ne filin lantarkin da ke tattara su ya daina taɓa layin. Sakamakon ƙarshe na Yunin 2025 ya kai daidaiton kashi 127 cikin biliyan.

To ta ina ake kama sabon ra'ayi?

A cire hasashen Daidaitaccen Tsari, wato ka'idar da ke bayanin ƙwayoyin da aka sani, daga awon. A ma'aunin 10⁻¹¹, saura a 2025 shi ne 38, da kuskuren 63 sama ko ƙasa. Duk sabuwar ƙwaya dole gudummawarta ta shiga wannan 'yar taga.

A ɗauki sufasimetiri, ra'ayin da ke cewa kowace ƙwaya da aka sani tana da abokiyar da ba a gano ba tukuna. Idan nauyin sababbin ƙwayoyin ɗaya ne, M, gudummawar ta kusan 130 × tanβ × (100 GeV/M)², inda tanβ wata lamba ce ta ra'ayin da ba a san adadinta ba. Da tanβ 10 da M na GeV 200 za a sami 325, ya faɗi ke nan. A GeV 500 kuwa 52 ne, ya tsira. A kula, gudummawa biyu masu kishiyantar juna na iya soke kansu, don haka yanki ake rufewa, ba ra'ayin gaba ɗaya ba.

Ina giɓin tsakanin awo da hasashe da aka yi ta magana a 2021?

A lokacin 251 ne, sigma 4.2, wato ya ninka kuskuren sau 4.2. Matsalar tana cikin kason hasashen da ke zuwa daga kwak da guluwon (ƙwayoyin da suka haɗa furoton), wanda aka ciro daga bayanan karon elektiron da fositiron. Ƙungiyar masana mai suna BMW ta lissafa shi da manyan kwamfutoci ta sami adadi mafi girma, awon gwajin CMD-3 na Rasha a 2023 ya karkata can, ya saɓa wa gwaje-gwajen baya. Hasashen 2025 ya bi hanyar kwamfuta, giɓin ya rufe.

Wannan saɓani shi ya fi cancantar a damu da shi, domin kuskuren lissafin 2025 ya ninka na awo sau huɗu. Shi ya sa ake shirya gwajin MUonE a cibiyar binciken CERN ta Turai don auna wannan kaso ta wata hanya dabam.