Kare ya ɓata tsakar gida da zawo? A ajiye sandar tukuna

Assalamu alaikum jama'ar Garwa da kewaye, har 'yan uwanmu na Marwa da Kusuri da na tsallaken gada a Njamena. Yau maganar kare zan yi, kuma na san wasu tun daga nan za su yamutsa fuska su ce ma'aikacin dabbobi ya rasa abin faɗa ne sai kashin kare, ga shanu ga awaki. To ai karen nan yana gidajenmu, shi ke gadin garke da shago da gidan Alhaji da dare, mafarauta kuma ba sa shiga daji ba shi. In cikinsa ya ɓaci kuwa a tsakar gidan da yara ke rarrafe yake zubarwa, wani lokaci dab da inda ake ajiye buta. Kun ga maganar ta shafi lafiyar mutanen gida kenan.

Abin da aka saba, da safe uwargida ta fito shara ta tarar da ɓarna, sai a kira yaro ya ɗauko sanda, wasu ma har su kama wuyan karen su dangwala masa hanci a ciki wai don ya gane. Wallahi ba ya ganewa. Kare ba ya haɗa dukan da aka yi masa da hantsi da abin da ya yi tun tsakar dare, abin da zai koya kawai shi ne ya ji tsoronka, gobe sai ya lallaɓa bayan randa ko ƙarƙashin rumbu ya yi inda ba za a gani ba sai wari ya tona. Kuma karen da ke zawo ba zai iya riƙewa ba ko da ya so, balle wanda aka ɗaure da sarƙa taku biyu tun magariba, ina ake so ya je?

Ni abin da nake roƙo shi ne kafin a kwashe a tsaya a duba, ko da an toshe hanci. Ruwa-ruwa ne kawai ko da majina? Akwai jini? Jan jini ne ko baƙi ƙirin kamar kwalta? Baƙin nan jini ne da ya fito daga can sama, ciki ko farkon hanji, kuma ya fi ban tsoro. Akwai tsutsa, doguwa fara ko 'yan gutsattsari masu motsi? Akwai leda, tsumma, ɓallin ƙashi? Wanda ke da waya ya ɗauki hoto, ba abin kunya ba ne, hoton nan yana rage mana rabin aiki.

Yawancin zawon babban kare daga abin da ya ci ne. Ya je juji ya ci mushe, ko an juye masa miyar da ta kwana biyu ta yi tsami, ko an zuba masa madara da yawa, don babban kare cikinsa ba ya narkar da ɗanyar madara sosai. Lokacin layya kuwa ba a magana, kitse da kayan ciki da ƙasusuwa ko'ina, karen da duk shekara ƙanzo da ragowar tuwo yake ci rana ɗaya ya cika ciki da maiƙo, dole ya zube. In dai karen yana tafiyarsa garau, yana kaɗa wutsiya, yana shan ruwa, ba jini ba amai a kai a kai, to ana iya lura da shi a gida. A ɗauke masa abinci kamar awa 12 cikin ya huta, amma ruwa kar a ɗauke ko na minti ɗaya. Bayan nan a ba shi farar shinkafa da ta dahu luguf da ɗan naman kaza dafaffe ba fata ba ƙashi, ba mai ba yaji ba magi ba albasa, kaɗan-kaɗan sau 3 ko 4 a rana, kwana 2 zuwa 3, sannan a riƙa sirka masa da abincin da ya saba. Na san wani zai ce mu ma kazar ba mu samu ba, to dafaffen ƙwai ma ya yi, ko shinkafar zalla na kwana ɗaya. Albasa da tafarnuwa da na ce a cire da gaske nake, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, dafaffu ko ɗanyu duk ɗaya.

Ruwa shi ne babban abu musamman a zafinmu na Maris da Afrilu da ake wuce digiri 40. Kare mai kilo 15 ko lafiyarsa ƙalau yana buƙatar kusan lita 1 a rana, ina ga mai zawo. Ka kama fatar bayan wuyansa ka ɗaga ka saki, in ta koma nan take da sauƙi, in ta tsaya tana komawa a hankali ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Dasashinsa ma in ya bushe yana danƙo ko ya yi fari fat alama ce mara kyau. Ruwan gishiri da suga da ake haɗa wa yara yana taimakawa, lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a ba shi ya lasa kaɗan-kaɗan. Kar a ɗura wa karen da ya galabaita, zai shaƙe ya tafi huhu.

Amma duk wannan na babban kare ne. Kwikwiyo lissafinsa daban, shi ba a hana shi abinci kuma ba a jira da shi. Akwai cutar da muke kira parbo, ƙwayar bairos ce da ta bazu a duniya tun 1978, ta fi kama 'yan kwikwiyo daga sati 6 zuwa wata 6 waɗanda ba a yi wa rigakafi ba. Yau yana wasa, gobe ya ƙi abinci ya kwanta, sai amai, sai zawo mai jini da wani irin ƙarni da in ka taɓa ji ba ka mantawa. Cikin kwana 2 ko 3 yana iya mutuwa, kuma rashin ruwa ne ke kashe shi, shi ya sa ƙarin ruwa ta jijiya a wajen likitan dabbobi ne ke ceto su, maganin kasuwa ba ya kashe bairos. Abin takaicin, ƙwayar tana zama a ƙasar gida watanni, har ta kai shekara a wuri mai inuwa da danshi. Sai ka ga mutum kwikwiyonsa ya mutu, bayan sati biyu ya karɓo wani wajen aboki ya ajiye a wuri ɗaya, shi ma ya bi, sai a fara cewa gidan ne ba ya karɓar kare ko an yi masa baki. Ƙasar wurin ce. Rigakafin ana farawa daga sati 6 zuwa 8, ana maimaitawa duk sati 3 ko 4 har ya kai sati 16. Mutum ba ya ɗaukar parbo na kare, wannan kam a kwantar da hankali.

Wanda mutum ke ɗauka shi ne tsutsa, kuma nan nake so iyaye mata su saurara da kyau. Kwikwiyo da yawa da tsutsar ciki ake haifarsu, tun a cikin uwa suke ɗauka, shi ya sa za ku ga ɗan ciki ya kumbura gashi ya yi birci-birci. Ƙwan tsutsar yana fita a kashi, ido ba ya ganinsa, kuma a ranar da ya fita bai isa kama kowa ba, sai ya yi sati 2 zuwa 4 a ƙasa kafin ya nuna. Ma'ana kashin da aka kwashe yau-yau haɗarinsa kaɗan ne, wanda aka bari ya bushe ya narke cikin yashi shi ne matsalar. Yaro ya yi wasan ƙasa ya sa hannu a baki, tsutsar ta shiga jikinsa ta yi ta yawo, tana iya zuwa hanta, tana iya zuwa ido ta lalata gani. Akwai wata kuma mai shiga ta fatar ƙafa in ana yawo ba takalmi a ƙasa mai danshi, ta yi wani jan layi mai lanƙwasa mai ƙaiƙayin tsiya. Ruwan jabel, wato bilicin wanki, ba ya kashe ƙwan nan, kwashewa da wuri ita ce dabara. Maganin tsutsa kuma a fara ba kwikwiyo tun yana sati 2, duk sati 2 har ya kai wata 2, sai duk wata har wata 6, daga nan duk wata 3, kuma a auna nauyinsa, kar a yi kintace.

Mahauta da masu yanka a gida, dan Allah in kun ga huhu ko hanta mai ƙululun ruwa kar ku jefa wa kare, ku binne da zurfi ko ku ƙone. Karen ya ci, wata 'yar ƙaramar tsutsa ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita a kashi ya dawo kan tumaki da mutane, a mutum sai ya zama jakar ruwa a hanta ko huhu da sau da yawa sai an yi aiki. Masunta na bakin kogunan Logon da Shari su ma sun san zancen kayan cikin kifi. Tun 2012 aka fara ganin kurkunu a jikin karnuka a Cadi, a 2019 kaɗai karnuka kusan 2000 aka ƙirga, kuma ta ɓullo a ɓangarenmu wajen Gere a jihar Arewa Mai Nisa. Shi ya sa ma'aikata ke ta nacin a binne hanjin kifi kar kare ya ci ya ɗauka.

Wajen gyaran wurin, shebur ko leda a hannu, kar a sa tsintsiyar shara ta ɗaki, kuma kar a tura ƙaramin yaro. In ƙasa ce a haɗa da ƙasar da ke ƙarƙashi a kwashe, a zuba a masai ko a haƙa rami a binne, ban da lambun salak da tumatir, sannan a zuba sabon yashi. In siminti ne a fara wankewa da omo da ruwa a ɗauraye, sai a sa jabel, don jabel a kan ƙazanta ba ya aiki. Mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 kofi 1 ake sa wa a kofi 30 na ruwa, a duba jikin gora don wani bai kai haka ƙarfi ba sai an ninka, a bar shi minti 10 kafin a ɗauraye. Kar a haɗa jabel da wani sinadarin wanki, hayaƙin yana cutar da ƙirji. Tabarma ko darduma a wanke a shanya a rana tsaka. Hukuncin tsarki malamai sun fi ni sani, ni dai nawa shi ne sabulu a hannu bayan an gama. Kuma a wanke sosai har warin ya fita, hancin kare ya fi namu nesa ba kusa ba, inda ya ji warin jiya nan zai koma.

Koya masa wuri ba wuya. Kwikwiyo yana jin kashi da ya tashi barci da kuma jim kaɗan bayan ya ci, to a lokacin a kai shi lungu ɗaya a bayan gida, kullum wurin nan, in ya yi a yaba masa a ba shi ɗan abin taɓawa. A tsayar masa da lokacin abinci, babba kuma a kwance shi safe da yamma. Amma karen da ya shekara yana da tsabta sai kwatsam ya fara fitsari ko'ina yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, wannan a kai shi a duba mafitsara da ƙoda da suga, in karya ce da ta gama zafin neman namiji kwanan baya a duba mahaifa.

Maganin mutane kuma dan Allah a bari. Farasitamol, ibuprofen, diklofenak, duk suna iya lalata hanta ko ƙoda ko su huda cikin kare. Haka allurar ivamektin ta shanu da ake zuƙa da ido a tsira masa, an sha kawo mana kare yana tangaɗi ya makance saboda ita.

Wanda ba a kwana da shi a gida: jini a kashi ko amai, aman da ya ƙi tsayawa, ciki ya kumbura yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, zawon da ya wuce kwana 2, ko kare yana dalala yana karkarwa. Mu nan ƙasar auduga ce, maganin feshi da na ɓera suna ko'ina a gidaje, in ana zargin ya lasa a taho da gorar ko ledar maganin. Sai dai a kula, dalala tare da canjin hali, kare mai fara'a ya koma cizon komai ko muƙamuƙinsa ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa, kar wanda ya sa hannu a bakinsa, yana iya zama haukan kare. A rufe shi a kira ma'aikatan MINEPIA, wato ma'aikatar kiwon dabbobi ta Kamaru, na kusa. Wanda karen ya ciza ko ya yaƙusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 ya wuce asibiti ranar, kar ya jira ya ga abin da karen zai yi. A Njamena an yi wa sama da kashi 70 cikin 100 na karnukan birni allurar rigakafin haukan kare a 2012 da 2013 kuma cutar ta lafa watanni kafin ta sake shigowa daga waje, don haka allurar nan tana aiki, sai dai a riƙa sabunta ta. In za ku zo ku taho da katin rigakafinsa in akwai, da ɗan kashin na ranar a ƙulle a leda biyu, kuma a zo da wanda ke ba shi abinci, don shi ya san abin da ya ci.