Harbin Gwaji da Tsohuwar Bindigar Soja: Tambayoyi da Amsoshi

Matasanmu na Agege da Idi-Araba da ke ganin bidiyon Turawa suna harbin allo da bindigogin Yaƙin Duniya sukan yi tambaya a kan wannan wasa, da kuma ko zai yiwu a yi shi a Legas.

Wace bindiga ake nufi da tsohuwar bindigar soja?

Ana nufin bindigogin da rundunoni suka yi yaƙi da su suka ajiye, irin su Mosin-Nagant ta Rasha ta 1891, da Mauser K98k ta Jamus ta 1935, da M1 Garand ta Amurka ta 1936. Wadda ta fi shafarmu ita ce Lee-Enfield ta Ingila, mai cin harsashi goma samfurin .303 (wato faɗin ramin bututun a ma'aunin inci), wadda ake jan sakatarta da hannu bayan kowane harbi domin ta tofar da kwanso ta ɗauki sabon harsashi. Ita kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka riƙe a yaƙin Bama, kuma daga wuraren da aka gwabza a can ne barikin Dodan da na Arakan da na Myohaung a nan Legas suka samo sunayensu. 'Yan sandan Nijeriya ma sun daɗe suna rataye da ita bayan samun 'yancin kai.

Me ya sa mutum zai bar ta zamani mai madubin hange ya koma wa wannan?

Saboda ba ta rufa wa maharbi asiri. Nauyinta ya kai kimanin kilo 4, saitinta na ƙarfe ne zalla, kuma tana dukan kafaɗa sosai, don haka duk wanda bai iya riƙe numfashi da matsa kunama a hankali ba, allon zai nuna. Sojan Ingila kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya akan bukaci ya yi harbi 15 a cikin minti ɗaya a nisan yadi 300, kuma har yau masu sha'awa suna gwada kansu da wannan ma'auni. Ana gasar irin waɗannan bindigogi a filin Bisley na Ingila da Camp Perry na Amurka.

Shin bindigar da ta haura shekara 80 tana iya samun abin da aka saita?

Tana iya, matuƙar cikin bututunta bai cinye ba. Sai dai sabon shiga yakan yi mamakin ganin harsashinsa yana sauka sama da inda ya nufa, har ya ɗora wa bindigar laifi. Dalilin shi ne, saitin yaƙi na Lee-Enfield samfurin No. 4 an daidaita shi ne a kan yadi 300, saboda haka wanda ya harbi allo a yadi 100 dole ya ga harbinsa ya yi sama. Akwai kuma batun katakon da bututun ke kwance a ciki: idan ya sha laima ya kumbura, ko ya bushe ya saki, yadda yake riƙe da ƙarfen yakan canza, sai harsasai su warwatsu a allo maimakon su taru wuri guda.

Ina haɗarin yake?

Mafi yawansa a tsufan bindigar da na harsashin yake. Kafin a harba ta, wajibi ne ƙwararren maƙerin bindiga ya auna tazarar da ke tsakanin kan sakata da gindin harsashi, domin idan ta yi yawa kwanso na iya tsagewa, iskar wuta ta dawo wa maharbi a fuska. Tsohon harsashi kuma yakan yi jinkirin tashi, shi ya sa ƙa'idar filin harbi ita ce, idan an matsa kunama ba a ji ƙara ba, a bar bakin bindiga yana kallon allo na aƙalla daƙiƙa 30 kafin a buɗe ta. Toshe kunne da sanya tabarau ba abin sakaci ba ne.

Harsasan soja na wancan zamani suna barin wani gishiri a cikin bututu, mai jawo laima ya haifar da tsatsa, kuma mai ba ya narkar da shi; don haka ne sojoji suke zuba tafasasshen ruwa a ciki kafin su shafa mai. A gari irin Legas, inda iskar teku ke cin ƙofar ƙarfe da kwanon rufi, kwana ɗaya na sakaci ya isa ya ɓata bututun.

To, farar hula zai iya mallakarta a Legas?

A zahiri a'a. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Bindigar gargajiya ta mafarauta, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da lasisinta. Bindigar farauta ta zamani da mai harbi da iska suna hannun Sufeto Janar. Bindigogin soja kuwa, waɗanda dokar ta ambaci samfurin .303 da mai milimita 7.62 a cikinsu ƙarara, haramtattu ne sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma tsufan bindiga ba ya fitar da ita daga wannan rukuni. Hukuncin riƙe ta ba izini shi ne ɗaurin aƙalla shekara 10. Mai sha'awar wasan saiti ya fi dacewa ya nemi harbi da bindigar iska a nisan mita 10, wanda ake yi har a gasar Olamfik.

Idan an tsinci irinta a kayan gadon wani ɗan mazan jiya fa?

Gado ba ya zama lasisi. Kada a gwada harba ta, kada kuma a ɗauke ta a bi titi da ita. A sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, zai fi kyau ta hannun lauya ko Sarkin Hausawan unguwa, su zo su karɓe ta tare da duk harsashin da aka samu.