Ba Sai Da Cin Hanci Kamfanoni Ke Juya Gwamnati Ba

An daɗe ana ɗauka cewa idan babban kamfani ya juya akalar gwamnati, to jakar kuɗi ya kai wa wani a ɓoye. Hakan na faruwa, amma mafi yawan tasirin a bainar jama'a ake yin sa, kuma da izinin doka.

A Amurka, kamun ƙafa wurin 'yan majalisa sana'a ce mai rajista, wadda ake kashe mata biliyoyin daloli duk shekara. A 2010 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar Citizens United, ta halatta wa kamfanoni kashe kuɗi ba iyaka kan tallan zaɓe, muddin ba hannun ɗan takara suka danƙa ba. Ga kuma jami'in da ke sa ido kan wata masana'anta yau, gobe ya ajiye aiki ya koma can da albashi mai tsoka. Wa zai tsananta wa mai ɗaukarsa aiki gobe?

Abin da ya fi damuna shi ne, mai cin hanci ana iya gurfanar da shi. Kamfanin da lauyoyinsa suka taya rubuta daftarin doka kuwa, babu laifin da za a tuhume shi da shi.