Ƙaramar Hukumar Zariya

Ƙaramar hukumar Zariya ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar Kaduna, ita ce ta ƙunshi tsohon birnin Zazzau mai ganuwa da fadar sarki, da unguwannin bayan ganuwa irin su Tudun Wada da Gyallesu da Tukur-Tukur da Wusasa, har da ƙauyukan gefe. Abin da baƙo yake kira Zariya a gaskiya ƙananan hukumomi 2 ne, don Sabon Gari da Samaru da Hanwa da Basawa duk ƙaramar hukumar Sabon Gari ce ke da su, rafin Kubanni ne kusan ya raba tsakani a cikin gari. Shi ya sa babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru take ƙasar Sabon Gari, ita kuwa harabar Kongo tana ƙasar Zariya. A ƙidayar 2006 an samu mutum sama da 400,000 a ƙaramar hukumar Zariya kaɗai.

Zamanin En'e

Kafin a san wani abu wai shi ciyaman ko kansila, En'e ce hukuma a Zariya, wato hukumar gargajiya da Turawa suka ɗora a kan sarautar da suka tarar. Sojojin Ingila sun shigo Zariya a 1902, ba a daɗe ba aka tuɓe Sarki Kwasau aka kai shi Lakwaja, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi na gidan Mallawa a 1903. Sarautar da suka tarar kuwa ta Fulani ce wadda ta faro da Malam Musa mai tutar Shehu a farkon ƙarni na 19, kuma gidaje 4 ne ke yinta, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa.

En'en Zariya ba ƙaramar hukuma ba ce irin ta yau, gwamnati ce sukutum. Tana da baitulmali nata, da kotunan alƙalai, da 'yan doka da dogarai, da gidan yari, da ma'aikatan gona da na daji da na asibiti, ga makarantun elementare, kuma ƙasarta ta miƙe tun daga iyakar Kano da Katsina har can kudancin lardi. Kuɗinta daga haraji da jangali suke fitowa, mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali, Razdan da Di'o, wato manyan jami'an Turawa, suna bisa suna duba littafi. Talaka ya ji jiki a wannan tsari, babu mai musun haka, an yi aikin tilas an yi ƙwace, mutanen kudancin lardin kuma sun daɗe suna kukan hakiman da ake turo musu daga birni. Amma duk da haka tsofaffi da yawa in ana hira sai ka ji suna tuna duba-gari, wanda yake shiga gida-gida ya leƙa randa da masai da kwata, in ya ga ƙazanta a ci mutum tara, kuma maganar gaskiya tsabtar unguwa ba ta sake samun mai kula da ita kamar wancan lokaci ba.

A wannan zamani ne garin ya rabu kashi-kashi yadda ake ganinsa yanzu. Da jirgin ƙasa ya iso wajen 1911 zuwa 1912 sai aka yanka Sabon Gari kusa da tasha domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu, Tudun Wada kuma ana cewa wajen 1914 aka kafa ta domin 'yan arewa waɗanda ba 'yan birni ba, Turawa suka zauna a Bariki. Sabon Gari ta yi shekaru a hannun jami'in Turawa kai tsaye kafin a mayar da ita ƙarƙashin En'e wajen 1940. Sarki Ja'afaru, wanda ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, shi ne sarkin da aka fi dangantawa da ƙarfin En'e, bayansa sai Muhammadu Aminu har 1975.

Daga En'e zuwa ƙaramar hukuma

Rushewar En'e a hankali ta zo. Bayan an ƙirƙiro jihohi a 1967 Zariya ta faɗa jihar Arewa ta Tsakiya, a ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da gidajen yari aka mayar wa gwamnatin tarayya, kotuna kuma suka koma hannun jiha. Sai gyaran 1976 na mulkin soja wanda ya yi wa ƙananan hukumomin Najeriya tsari iri ɗaya, ya fitar da sarakuna daga gudanar da mulki ya bar musu majalisar masarauta ta ba da shawara, a shekarar ne ma jihar ta koma sunan Kaduna. Da Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya hau gwamna a 1979 ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna ƙwarai, sai dai daga nan hukumar gari ta koma jiran kason da ake turowa daga sama. Daga baya a zamanin soja aka yi ta yanka tsohuwar ƙasar Zariya ana fitar da sabbin ƙananan hukumomi, Sabon Gari da Soba da Giwa na cikinsu.

Tsari

Gundumomi 13 ne, kowace da kansilanta: Kwarbai A, Kwarbai B, Ƙaura, Limancin Kona, Unguwar Juma, Unguwar Fatika, Tudun Wada, Gyallesu, Tukur-Tukur, Dambo, Wuciciri, Dutsen Abba da Kufena. Ciyaman da mataimakinsa zaɓensu ake yi, hukumar zaɓen jiha ce ke shiryawa ba INEC ba. A zaɓen watan Mayun 2018 jihar Kaduna ta yi amfani da na'urar kaɗa ƙuri'a, karo na farko a Najeriya, aka sake a 2021, zaɓen da ya biyo baya kuma an yi shi a Oktoban 2024. Jam'iyyun adawa sukan yi ƙorafin sakamako. An kuma sha yin lokutan da babu zaɓaɓɓu sai kantoma ko kwamitin riƙo.

Aiki da kuɗi

Kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, da kwashe shara da gyaran kwatoci da ƙananan hanyoyi, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan tana da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. A takarda ke nan. A aikace kason da ke zuwa daga asusun tarayya ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, in an cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya abin da ke saura ba ya taka kara ya karya. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kwamitin riƙo, aiwatarwar dai ta yi ta jan ƙafa.

Ruwan sha shi ne tsohon kukan Zariya, kuma duk da aikin jiha ne ba na ƙaramar hukuma ba, kansila ake tarewa a bakin masallaci a tambaya. An buɗe sabuwar matatar ruwa mai ƙarfin lita miliyan 150 a rana a 2017, amma unguwanni da dama har yanzu 'yan garuwa da rijiyar burtsatse ne gatansu. A 2021 jiha ta kafa wata hukumar raya birnin Zariya daban.

Fada da masu unguwanni

Duk da an raba sarauta da mulki, rigimar gado ko ta iyakar fili ko ta aure wurin mai unguwa take fara zuwa, allurar rigakafi ma ba ta shiga lungu sai da shi. Sarki Shehu Idris ya yi shekara 45 a kan gado, daga 1975 har rasuwarsa ranar 20 ga Satumban 2020, aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli a Oktoban shekarar, sarauta ta koma gidan Mallawa bayan kimanin shekara 100. An kai batun naɗin kotu. A 2017 gwamnatin jiha ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77 a faɗin jihar, hakimai da dagatai masu yawa suka rasa kujerunsu.

Bukukuwa da taruka

Babban taron gari shi ne hawan sallah, ƙarama da babba. Ranar idi sarki yakan dawo daga filin idi a kan doki, hakimai da 'yan majalisa kowa da tawagarsa, 'yan bindiga na ta harbi, ga 'yan lifida da 'yan sulke da masu kakaki da algaita da tambura, a tsaya a ƙofar fada a yi jafi, sannan sarki ya yi jawabi, yawanci a kan noma da zaman lafiya da sa yara makaranta da rigakafi, shugabannin ƙananan hukumomin masarautar suna zaune a rumfa. Kwanakin da ke biye sai Hawan Bariki, wanda asalinsa gaisuwar da sarki ke kai wa Razdan ce a unguwar Turawa, da Hawan Daushe. Gidajen da ke da dawaki tun azumi suke fara gyaran kayan doki da ɗinkin manyan riguna, masu aikin hannu na cikin birni a lokacin suke cin kasuwarsu, don Zariya ta yi suna a ɗinkin aska da sauran aikin allura. Wasu shekarun an dakatar da hawan, kamar lokacin korona a 2020.

Watan Rabi'ul Awwal na maulidi ne, makarantun Islamiyya da zawiyoyi suna fitowa zagaye, da azumi kuma ga tafsiri a masallatai ga tashen yara da dare. Saukar karatu da walima kusan kowane mako akwai a wata unguwa. Kiristocin Wusasa, inda mishan ta koma daga cikin birni wajen 1929, da na Sabon Gari suna bikin Kirsimeti da Ista. An daina jerin gwanon mabiya Shi'a a tsohon salonsa bayan rikicinsu da sojoji a Disambar 2015, inda kwamitin binciken jiha ya ce an kashe mutum sama da 340, jiha ta haramta ƙungiyarsu a 2016.

Akwai kuma aikin gayya na ƙungiyoyin unguwa, yasar kwata kafin damina da gyaran maƙabarta da 'yan sintiri, yawanci da karo-karon mazauna ake yi. Babban karo-karon da garin ya gani a 'yan shekarun nan na masallacin Juma'a na ƙofar fada ne, ginin maginin nan Babban Gwani na wajen shekarun 1830, wanda wani sashensa ya rufta kan masallata ana sallar la'asar ranar 11 ga Agustan 2023, mutane suka rasu, masarauta ta kafa asusun sake gina shi.